Wayar da Ta Tsaya a Gindin Tsamiya

Daga bakin zaurenmu zuwa gindin tsamiyar da ke bakin lungu, taku arba'in da bakwai ne da ƙafata. Na ƙirga su ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. A gindin tsamiyar nan masu shimfiɗa wayar intanet suka tsaya a shekarun fari, suka cike raminsu, suka kwashe digoginsu suka tafi. Takun nan arba'in da bakwai su suka raba ni da autana. Ban yi lakwal ba, wato karatun boko, ban iya riƙe alƙalami ba. Ɗiyata mai koyarwa ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gaya mata kada ta sassauta mini magana, ko a inda na zagi kaina.

Gidanmu a Birni yake, cikin Damagaram, a wani lungu mai rairayi wanda jaki da kaya da ƙyar yake ratsawa. Gidan dukawa ne. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, a zauren nan ya gaji ubansa, yana yankan fata yana ɗinka jaka da takalma, ubansa kuma a nan ya gaji nasa uban. Allah ya ba mu ƴaƴa mata huɗu. Namiji ɗaya ne ya rayu, shi ne auta. Bai koyi dukanci ba. Karatu ya yi, ya zama mai zanen gini a ordinatar, wato kwamfuta. Yakan zana gida tun ba a aza tubali ɗaya ba, har da inda tagogi za su zauna, ya aika wa wani biro, wato ofis, a Yamai. Ubansa bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Wannan ma sana'ar zaune ce, irin tamu. In dai a zauren nan za ka yi ta, ba ni da magana."

Abin da ke wahalar da yaron shi ne aikawa. Ya ce zanensa nauyi gare shi, rezon salula, wato sabis ɗin wayar hannu, ba ya iya ɗaukarsa. Sai ya fara aikawa da hantsi, la'asar ta yi abin bai isa ba, ya katse, a koma farko. Mutanen Yamai suna ta ƙorafi. Wata rana ya shigo yana murna, ya ce ana shirin kawo wata waya ta ƙarƙashin ƙasa, siririya kamar gashin wutsiyar doki, wadda za ta kai zanensa Yamai kafin mutum ya gama shan ludayin fura. Ya ce wa ubansa, "Baba, ranar da ta shigo lungun nan, zauren nan ya zama biro. Kai kana gefe da fatunka, ni ina gefe da nawa."

Sai damina ta yaudare mu shekara biyu a jere. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sama ta ɗauke. Ni ƴar Hamdara ce, don haka gidanmu ne masaukin dangina. Ƙanena ya zo da matarsa da ƴaƴa biyar, ya ce ko dami uku bai ɗaure ba. Gwaggon mai gidana ta zo daga Gidimuni tana cewa tafkinsu ya ja da baya, ana tafiya da takalmi a inda da ake kamun kifi. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa. Har ƴaƴan anza muka jiƙa, ni da nake ganin na rabu da ɗacinta tun ina yarinya. Kuma wa zai sayi jakar fata da yunwa a cikinsa? Abin da auta ke samu shi ke riƙe da gidan, shi ma ba ya kai mu ƙarshen wata.

A cikin haka masu ƙirga na farko suka zo, waɗanda ke rubuta gidajen da za a ba taimakon hatsi. Samari ne biyu da falmaran mai aljifai. Mai gidana ya tare su a zaure, ni ina bayan ƙyaure ina ji.

"Baba, sau nawa ake ɗora tukunya a gidan nan a rana?"

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Asirinmu a rufe yake."

Suka nemi izini suka shigo. Suka ga firigo, wato firji, wanda ya mutu shekara uku kafin nan, mai gidana yana ajiye jemammiyar fata a ciki saboda ɓeraye. Suka ga tele. Suka ga ordinatar a kan tabarma. Suka tambaya ko akwai mai aikin albashi, ko akwai wutar lantarki, salula nawa ce a gidan. Ya ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, bai rage komai ba. Da sunaye suka fito, babu namu. Maƙwabciyata matar mahauci, wadda ta zube ƙasa a gabansu tana kuka, ita aka kawo wa buhu da galan ɗin mai.

Ranar na ce masa, "Malam, me zai ci ka in ka ce muna jin yunwa?"

Ya ce, "Mutumin Birni ba ya buɗe wa baƙo cikinsa."

Na ce, "To dafa mana mutuncin mu ci."

Daga ranar ya fara cewa ya ci a wajen abokansa, yana tura wa yaran ƙanena kwanonsa. Na san ƙarya yake, na bar shi, don ina fushi. Zazzaɓi ya kama shi da bazara, ya tarar babu abin da zai yi kokawa da shi a jikin. Kwana huɗu ya yi. A na ukun ya riƙe hannun auta ya ce, "Kada a rufe zauren." Shekara arba'in da wani abu muna tare, maganar da na fi tunawa na gaya masa ita ce ta dafa mutunci. Har yau in na tuna, sai na ajiye abin da ke hannuna na yi kuka, kuma ba na ɓoyewa.

Duk tsawon takabata abu ɗaya nake nanatawa a zuciyata: in masu takarda suka sake taka lungun nan, ni za su tarar, ba shi ba.

Ban fi wata guda da fita takaba ba suka zo. Da hantsi ne, maza duk sun tafi kasuwa. Auta ya tafi Gidimuni auna wani fili. Matarsa, wadda ta yi lakwal kuma tana karanta faransanci, tana gidan iyayenta wankan jego. Matar mahauci ce ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya, masu ƙirga sun dawo! Suna gindin tsamiya."

Na yafa mayafi na bi lungun gida-gida, ni da gwiwoyina ke ciwo. Gida goma sha ɗaya ne a lungunmu, babu wanda na tsallake. Na ce su tura tele ƙarƙashin gado. Na ce su ɓoye salula a cikin tukunya. Na ce wa wata amarya ta cire ƴan kunnenta ta ɗaura tsohon zane. Na ce in an tambaye su mai albashi, su ce babu. In an nuna akwatin wuta da ke jikin bango, su ce an yanke tun bara. Suka ji maganata, don kowa ya ga abin da gaskiya ta yi wa gidanmu. Na dawo, ni da matar ƙanena muka ja mataccen firigon nan zuwa bayan turken awaki muka rufa masa zana. Ordinatar ɗin auta na naɗe shi da tsumma na sa a ƙasan kwandon wanki.

Saurayi ne da budurwa, da falmaran mai aljifai irin ta waɗancan. Ba takarda suke riƙe da ita ba, wani abu ne kamar madubi suna dangwala shi da yatsa. Hausarsu ta yamma ce, rabi faransanci. Budurwar ta faɗi wani abu game da waya, ban tsaya saurare ba, don waɗancan ma sun tambayi salula. Sai tambayoyi suka biyo baya, kuma wallahi su ne dai na bara. Mutum nawa ne a gidan? Akwai wuta? Akwai tele? Akwai ordinatar? Akwai mai albashi?

Na ce, "Ɗiyata, dubi gidan nan da idonki. Mai gidan ya mutu. Ɗa ɗaya gare ni, ba ya aikin komai."

Ta ce, "Allah sarki, Inna. Allah ya kawo sauƙi." Ta dangwala madubinta, suka wuce gaba.

Ranar har daɗi na ji. Na ce a raina, Malam, ga yadda ake yi. Da auta ya dawo ban gaya masa ba, na dai mayar masa da abinsa inda ya bar shi. Muka zauna jiran buhu. Buhu bai zo ba.

Abin da ya zo, bayan kaka, masu haƙa ne. Suka fara daga bakin kwalta, rami siriri har zuwa cinya, suna shimfiɗa wani tiyo ja a ciki. Yawancinsu manoman da gona ta kora ne, har da ƙanena. Yakan shigo da azahar, farin ƙasa har cikin gemunsa, na ba shi abin da ya samu. A bakinsa na san hanyar da wayar ke bi. Ta bi kwalta ta shiga bankuna da manyan birori. Ta shiga sabuwar unguwa inda ma'aikata suka yi gidajen siminti, har gidajen da ba a gama rufinsu ba aka kai musu bakinta. Ta shigo Birni ta faffaɗan layin da ƴan kasuwa masu benaye suke. Kullum auta sai ya tambaye shi, "Kawu, yau ina kuka kai?" Ya share zauren, ya yi masa farar ƙasa, ya sa kafinta ya yi masa tebur. Kayan aikin ubansa bai taɓa su ba, ya jera su a gefe.

Ranar da suka iso tsamiya, ƙanena ya shigo ya zauna bai kalle ni ba.

Ya ce, "Yaya, a nan aka ce mu tsaya."

"Ku huta?"

"Mu tsaya. Mai kula da mu yana da takarda mai jan layi. Jan layin a tsamiya ya ƙare. Gobe za a kafa akwati a nan, mu kuma a kai mu wata unguwa."

Auta ya sa takalmi ya tafi biron kamfanin. Da ya dawo bai ci abinci ba. Kwana biyu yana gaishe ni yana wucewa. A na uku ina tankaɗe a tsakar gida ya zo ya tsuguna a gabana.

Ya ce, "Inna, sun nuna mini abin da aka rubuta a kan gidanmu. Babu wuta, babu tele, babu ordinatar. Ɗa ɗaya, ba ya aiki." Sai ya ce, "Ni ne ba na aiki, Inna?"

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Na ɗauka masu hatsi ne."

"Na sani. Lungun duka haka aka rubuta shi. Gida goma sha ɗaya, babu mai ko salula. Mutumin biron har dariya ya yi, ya ce bai san akwai irin wannan lungu a tsakiyar gari ba."

Na ce, "Cikin ƴaƴanka na duba, kada su kwana da yunwa."

Ya ce, "Ban ce kin yi don mugunta ba. Baba ya faɗi gaskiya, an hana shi. Ke kin ɓoye, an hana ki." Sannan ya gaya mini abin da ya daɗe yana rufewa. Mutanen Yamai sun ba shi zuwa bayan Babbar Salla. Ko aikinsa ya riƙa isa kan lokaci, ko ya koma can ya zauna kusa da su, ko su nemi wani.

Washegari na ce wa matar mahauci ta raka ni biron. Ta ce, "Yaya, ni da ke a biro? Ko ƙofar ba mu san ta inda ake tura ta ba." Na ce ta taso, bakinta ya fi na kowa kaifi a lungun, yau ranar amfaninsa ce. Muka je. Ɗakin sanyi ƙalau kamar randa. Shef ɗin wurin, wato shugabansu, bai girmi autana ba. Ya ba mu kujera, ya kira ni Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

Na ce, "Ɗana, ni na yi muku ƙarya. Ni na bi gida-gida na ce a ɓoye kaya. Lungunmu akwai wuta, akwai tele, ɗana yana aiki. Ku sake aiko da yaranku su ƙirga."

Ya ce, "Hajiya, sau ɗaya ake ƙirga, kafin a zana hanya. An riga an zana. Kuma a Yamai ake zanawa, ni bi kawai nake."

"To me suke dubawa in za su zana?"

Ya gyara zama ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce waya ba ruwan sama ba ce da za ta sauka a kan kowa. Suna fara kai ta inda birori suke, don su ba sa fashin biya. Sai unguwar da masu albashi suka yi yawa kuma gidaje suke a jere, hanya a miƙe, inda injin haƙa zai shiga. Birni kuwa, in ji shi, lunguna ne ƙanana, da duwatsu a ƙarƙashin rairayi, sai an haƙa da hannu, ga katangun laka da ake tsoron su zube. Irin wannan wuri ba sa shiga sai sun tabbata akwai gidaje da dama da za su ɗauki wayar wata bayan wata. Sauran wurare sai zango na biyu.

Na ce, "Yaushe ne zango na biyu?"

"In na farko ya mayar da abin da aka zuba a cikinsa."

Matar mahauci ta ce, "Wato in kura ta ƙoshi, a ba akuya saura."

Ya yi murmushi, bai ji haushi ba. Rashin jin haushin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Na ce, "Taku arba'in da bakwai ne. Ƙanena yana cikin masu haƙa muku. Shi da abokansa za su haƙa shi kyauta, ni zan ciyar da su."

Ya ce, "Ba ramin kaɗai ba ne, Hajiya. Akwatin da muka kafa a tsamiya bakuna ƙidayayyu gare shi, kuma duk an raba su ga masu benaye. Kafin a sa babba sai an sa hannu daga sama."

A nan na tashi tsaye. Na ce masa, "Kun aiko yara da riga irin ta masu hatsi, da tambaya irin ta masu hatsi, a shekarar da mutane ke jiƙa anza. Kun aiko su da hantsi, lokacin da kuka san babu kowa a gida sai tsofaffi da mata. Masu hatsi wanda ba shi da shi suke nema, ku wanda yake da shi kuke nema. Wa ya buɗe baki ya gaya mana? Ko mai unguwa kun sa ya yi shela? Akwatin wuta yana manne a bangon kowane gida, yaranku makafi ne? Tsohuwa ta ce an yanke, shi ke nan, ba za a ɗaga kai a ga fitila ba?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Da bakinku kuka faɗa, Hajiya." Amma da muka kai ƙofa ya kira mu. Ya ba ni wata takarda, ya ce in na samo ko rabin gidajen lungun sun dangwala yatsa cewa suna da halin ɗaukar wayar, zai aika da ita sama, ya ga abin da Allah zai yi.

Na fito da takardar nan a ƙirjina kamar laya. Na sake bin lungun gida-gida, ƙofofin da na bi a wancan hantsi. Gidan farko suka ce sai mai gidan ya dawo. Na biyu suka ce za su yi shawara. Amaryar nan da na sa ta cire ƴan kunne ta ce mijinta ya hana ta dangwala komai. Na zo gidan matar mahauci, ita da ta raka ni, ita da ta yi maganar kura da akuya. Ta ɓoye hannunta a cikin zane.

Ta ce, "Yaya, ki yi mini rai. In na dangwala cewa ina da hali, gobe masu hatsi su zo fa? Takarda takarda ce, a sama duk suke haɗuwa. Ke kika koya mana."

Na ce, "Waɗannan daban, waɗancan daban."

Ta ce, "Ke da kanki kin bambance su ranar da suka zo?"

Damina ba ta tabbata ba a lokacin, kowa yana tsoron shekara ta uku. Ba zan ce sun yi laifi ba, ko da yake wata biyu ban gaishe ta ba. Yatsa uku na samu: nawa, na wani tela, da na liman, wanda ya ce shi bai san amfanin abin ba amma ya san mai gidana. Na mayar wa shef. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun tebur. Na ji ƙarar rufe aljihun, na san inda takardar za ta tsufa.

Auta bai bari nan da nan ba. Ya roƙi wani mai bene ya bar shi ya riƙa zama a zaurensa yana aiki da wayarsa. Mutumin ya yarda sati biyu, sannan ya ce iyalinsa suna takura da baƙo a ƙofa. Ya koma wani shago a bakin kwalta inda ake hayar intanet da awa, samari suna kallon ƙwallo a kansa, a rufe lokacin da aka ga dama. Ina ganinsa yana wuce tsamiyar nan safe da yamma da jakarsa, yana wuce akwatin nan fari da ke tsaye a wurin, bai taɓa juyawa ya kalle shi ba. Ni ce nake kallon akwatin. Akwai ranar da na tofa masa yawu, yara suna mini dariya.

Bayan Babbar Salla da kwana shida ya tafi, da matarsa, da babbar ƴarsu, da jaririn da ba a yaye ba. Da safe ne. Ya tsaya a zaure ya dubi teburin da kafinta ya yi masa, ya dubi kayan ubansa. Ya ce, "Inna, in wayar ta zo zan dawo." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban raka su tasha ba. Na tsaya a bakin zaure har suka sha kwanar tsamiya.

Ƙanena ya koma Hamdara da ruwa ya dawo. Gidan ya yi faɗi. Ni nake buɗe zauren da safe, na share, na rufe da magariba. Mace ba ta zaman zaure, don haka buɗewa kawai nake na koma ciki, masu wucewa su yi sallama babu mai amsawa.

Damina huɗu aka yi kafin zango na biyu ya zo. Wannan karon ba su tambayi kowa komai ba. Wani kamfani ne daban ya fara shiga lungunan Birni da tasa wayar, sai ga namu sun zo a guje, cikin kwana uku suka haƙa abin da suka ce ba ya haƙuwa. Dutsen bai hana su ba, katanga ko ɗaya ba ta zube ba. Babban akwatin da sai an sa hannu daga sama, a bayan babur aka kawo shi. Na tsaya ina kallonsu. Kwana uku. Na ce wa mai kula da su, "Ashe kuna iyawa?" Bai gane abin da nake nufi ba, ya ce, "Hajiya, a ja miki?"

Na ce a ja. A zaure na sa suka kafa ta, a kan teburin. Ɗiyata, wannan da ke rubutawa, ta zo ta haɗa salularta, ta kira auta. Sai ga fuskarsa tar, har furfura biyu na gani a gemunsa, waɗanda ban san da su ba.

Na ce, "Wayar ta zo."

Ya ce, "Na gani, Inna. Ga ki nan kamar in taɓa ki. Wannan farar ƙasar da na yi ce har yanzu a bangon?"

Na ce, "Ita ce. Teburinka ma ga shi."

Ina jin hayaniyar yara a bayansa. Ya ce, "Inna, yaran sun shiga lakwal a nan. Uwarsu ta sami aiki. Ni ma yanzu mutane biyar ne a ƙarƙashina, ba zane kaɗai nake ba." Sannan ya ce, "Ke ki zo mana. Akwai ɗaki."

Na ce, "Wa zai buɗe zauren?"

Ya ɗago ƙaramin ɗansa ya ce ya gaida kakarsa. Yaron ya kalle ni kamar yadda ake kallon mutumin cikin tele, ya ɓoye fuska a kafaɗar ubansa.

Wayar tana nan. Akwatinta ƙarami ne, da wata ƴar fitila koriya da ke ƙyaftawa. Jikokin matar mahauci ne ke zuwa su jingina da bangon zauren daga waje da salulolinsu, wai rezon gidanmu ya fi ƙarfi. Ba na korarsu. Da safe in na zo shara, nakan goge teburin, na goge wuƙaƙen mai gidana da basillarsa, amma akwatin ba na taɓa shi. Ƙura ta rufe shi, fitilar kaɗai ake gani.